Yaya, kafin ka biya kuɗin kwikwiyon nan ka tambayi ƙugun uwarsa

Salam Yaya, ya aiki ya iyali, fatan kowa lafiya. Na ga saƙonka kan kwikwiyon kare jinsin Jaman Shefad ɗin da kake son saya, wai in gaya maka yadda ake harkar a nan Ingila tunda daga irin ƙasashen nan jinsin ya fito. To gaskiya abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne yadda ake ba takardun asibitin iyayen kwikwiyo muhimmanci, a gida mu girman kai da kalar gashi da kaurin ƙafa muke kallo shikenan a yi ciniki, su kuma a nan mai saye da ya san abin da yake yi ko ɗaukar kwikwiyon bai yi ba zai ce a kawo masa sakamakon uwa da uba.

Bari in fara da ƙugu don shi ne babbar matsalar jinsin da kake so. Akwai cutar da kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a cikin gurbinsa, yana ta goga har ya koma ciwon gaɓa, kuma ana gadonta. Mugun abin shi ne kwikwiyo ɗan sati 8 ba za ka taɓa ganin ta a jikinsa ba, yana tsalle yana wasa lafiya lau, sai ya girma ka ga yana jan ƙafar baya, tashi daga kwance ma sai da dabara. Shi ya sa iyaye ake gwadawa. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya, BVA, da Kennel Club, ƙungiyar da ke yi wa karnuka rajista a nan, suna da tsari guda: kare ya kai wata 12, a ɗauki hoton ƙashinsa, a tura wa ƙwararru su ba kowane gefe maki daga 0 zuwa 53, jimilla 106 kenan, ƙarancin maki shi ne lafiya. Suna kuma fitar da matsakaicin makin kowane jinsi, mai kiwon kirki ba ya barbara da karen da ya haura shi. Gwiwar ƙafar gaba ma ana duba ta, ita 0 zuwa 3 ce. A Jamus ƙungiyar jinsin tasu, SV, wadda aka kafa tun 1899, hatimi take bugawa a takardar karen da ƙugunsa ya ci jarrabawa. Amma fa ba gado kaɗai ba ne, in ka cika wa kwikwiyo ciki ya yi ƙiba yana girma da sauri kai ma ka taimaka wa cutar.

Sai gwajin DNA, wannan ma sauƙi ne, ɗan auduga ake gogawa a cikin kumatun kare a sa a ambulan a tura ta gidan waya. Sakamako uku ne: ba shi da cutar gadon da ake nema, yana ɗauke da ita amma ba za ta kama shi ba, ko kuma tana jikinsa. Ka san lissafin sikila ai, AS da AS, to sak haka yake, mai ɗauke da mai ɗauke in aka haɗa su kowane kwikwiyo yana da haɗarin 1 cikin 4. In aka haɗa mai ɗauke da wanda ba shi da ita kuwa babu wanda zai kamu, sai dai kusan rabi su ɗauka. Haka suke kauce wa makantar gado da ke kama karnuka jinsin Labrado, akwai kuma wata cutar laka da ke kashe ƙafafun bayan Jaman Shefad in ya tsufa ita ma ana gwada ta.

Haɗa ƴan uwa na jini shi ne abin da nake ganin ya fi cutar da masu kiwo a wajenmu, mutum ya samu namiji ɗaya mai kyau sai ya riƙa haɗa shi da ƴarsa da jikarsa wai kar jinin ya gauraya. Uba da ƴa ko wa da ƙanwa lissafin kusancin jinin 25% ne, waɗanda suka haɗa uba kawai 12.5%, kuma duk cutar da ke ɓoye a gidan nan take samun ƙofar fitowa. Kennel Club tun 2009 ta daina yi wa ƴaƴan haɗin uba da ƴa, uwa da ɗa ko wa da ƙanwa rajista. Ba ta kuma rajistar fiye da haihuwa 4 daga karya ɗaya, ko in ta kai shekara 8, ko in an riga an yi mata tiyatar haihuwa sau 2.

Kar ka ɗauka kowa a nan waliyyi ne fa. Akwai gonakin kwiyakwiyai inda ake kulle karya a keji tana ta haihuwa kamar inji, dillalai kuma su kwaso su saka hoto mai kyau a intanet. Wata karya mai suna Lucy da aka ceto daga irin wannan gona a Wales ita aka sa wa doka sunanta, tun Afrilun 2020 a Ingila ba a yarda dillali ko shagon dabbobi ya sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai ka je wajen wanda ya kiwata ko gidan ceton dabbobi. Wanda ke samun haihuwa 3 ko fiye a shekara yana sayarwa sai da lasisin kansil, ana ba su taurari 1 zuwa 5 kamar otal, ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8, dole kuma a nuna maka shi tare da ita. Ɗan guntun na'urar shaida da ake sa wa kare a ƙarƙashin fata shi ma tilas ne tun 2016, ƙin sawa tarar har fam 500. Duk da haka ana ha'inci, wasu gida suke haya su ajiye wata karya can daban su ce ita ce uwar, wlh duniya kenan.

Inda ni dai na kasa gane Turawa shi ne son karnukan nan masu lotsattsiyar fuska, pug da buldog ɗin Faransa. Ka ji kare yana minshari ido biyu mai shi yana dariya wai abin sha'awa ne, alhali numfashi ne yake gagararsa, da yawansu haihuwa ma sai an yi tiyata saboda girman kan ƴaƴan. Wannan kam takardar asali ba ta magance shi ba, ita ce ma ta kawo shi, don siffar da ake yabo ita ce cutar. Holand ta fi Ingila tsanani, tun 2019 suka ce karen da tsawon hancinsa bai kai kashi 1 cikin 3 na ƙoƙon kansa ba kar a yi kiwo da shi. A Norwe kuma kotun ƙoli ce a 2023 ta haramta kiwon karnuka jinsin Cavalier King Charles saboda cututtukan gado sun yi wa jinsin katutu, ga ciwon zuciya ga matsalar ƙoƙon kai. Ingila ita maki kawai take ba numfashin, 0 zuwa 3, tsarin da aka yi da jami'ar Kembirij.

Asibitin dabbobi a nan yana da kyau amma tsada ba a magana, babu na gwamnati kamar na mutane, sauya ƙugu ɗaya dubban fam ne, shi ya sa mutane ke yin inshora, ita kuma inshorar ba ta biyan cutar da ta riga ta bayyana kafin ka shiga.

To Yaya mutumin nan da ya ce maka karnukansa ƴan waje ne, wannan bai gaya maka komai game da lafiyarsu ba. Je ka gidansa da kanka ka ga uwar tana tafiya, ka sa ta kwanta ta tashi, tambayi shekarunta da sau nawa ta haihu, da mene ne tsakaninta da uban. In yana da kwiyakwiyan haihuwar baya da suka girma a hannun mutane nemi ka gansu. In ya kawo takarda ka duba ko makin ƙugu ne a ciki ko sunayen kakanni kawai aka jera, ka ɗauki hotonta ka turo min ta WhatsApp in duba maka kafin ka ba shi ko sisi.