Maukibobin hanyar Najaf zuwa Karbala: abin da suke ba mai tattaki da abin da ba sa bayarwa

Tattakin Arba'in, wato ziyarar cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini, daga Najaf zuwa Karbala a Iraƙi kimanin kilomita 80 ne, ana kammala shi kafin 20 ga Safar. Duk tsawon hanyar a jere take da maukibobi, wato rumfuna da gidajen da dangi da ƙabilun Iraƙi da baƙi daga wasu ƙasashe ke buɗewa don hidimar masu ziyara. Ba a karɓar ko sisi. UNESCO ta sa wannan hidima cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019.

A fannin ci da sha babu abin kushewa. Akwai shinkafa da ƙima (miyar wake da niƙaƙƙen nama ta mutanen Najaf), gurasa, dabino, da ruwan sanyi a ƙananan kofunan roba masu murfi. Don haka ɗaukar guzuri wahala ce kawai. Matsalar ita ce yawan abincin: ana tare mutum ana roƙonsa ya ci, wanda kuma ya biye wa kowace rumfa cikinsa zai ɓaci tun ranar farko. Shayinsu baƙi ne, sukari ya yi masa yawa, ba ya maye gurbin ruwa. A zo da ƙunshin gishiri da sukari na ORS guda shida zuwa takwas, domin a 'yan shekarun nan Arba'in na faɗowa a watan Agusta, zafin rana na haura digiri 45.

Wurin kwana ne ke buƙatar dabara. Maza daban, mata daban, akwai katifa da bargo, amma ingancin ya bambanta ƙwarai. Maukibin da aka gina da bulo yakan samu na'urar sanyaya ɗaki da banɗaki mai ruwa, na tanti kuwa fanka ce da ƙura. Masu kyaun suna cika tun kafin magariba, wanda ya jira bayan isha'i sau da yawa a tabarma a waje zai kwana. Haka ma da rana: a nemi inuwa tun ƙarfe goma na safe, a kwanta har la'asar. Tafiya ta gaske daga bayan asuba ce, sai kuma dare. Barguna hannu da yawa sun taɓa su, zanen shimfiɗa mara nauyi yana da amfani.

Abin da ya fi komai tsari shi ne falwayoyin hanya masu lamba, 1 zuwa 1452, tsakanin kowane biyu kusan mita 50. Falwaya 20 kilomita ɗaya ke nan, 500 a rana kuma ta isa a gama cikin kwana uku. Sai dai lambar ba daga hubbaren Imam Ali da ke Najaf take farawa ba, akwai tafiya mai ɗan tsawo cikin gari kafin a kai ta ɗaya. Layin waya yana cushewa, musamman kusa da Karbala, saboda haka ayari ya tsayar da lambar haɗuwa tun da wuri. Kada a zaɓi 500 ko 1000, kowa can yake tsayawa. Lamba irin 513 ta fi.

Akwai rumfunan magani da masu tausa da wuraren cajin waya, suna da kyau ga ƙananan matsaloli. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya zo da nasa maganin. Bororon ƙafa kuwa yawanci daga sabon takalmi yake, da safar da ta jiƙe da gumi. A sa takalmin da aka saba da shi, a canza safa a kowane zango, a shafa Vaseline tsakanin yatsu da cinyoyi, a manna filasta da zarar wuri ya fara zafi. Jakar goyo kada ta wuce kilo biyar, fasfo da kuɗi kuma su kwana a jikin mutum.