Igiya ko bel mai ƙugiya: da wanne za a ɗaure babur a tirela?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka jiya da dare. Ka ce za ka aika Boxer ɗinka daga Kano zuwa Legas a bayan tirela, 'yan lodi sun ce igiya ta wadatar, wani kuma ya ce ka sayi bel ɗin nan mai ƙugiya da ake ɗamewa da hannun ƙarfe. Duka biyun na gwada, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Tafiyar nan ta kai kilomita 1,000, babur ɗin kuma ya haura kilo 100. Duk ramin da tirela ta faɗa, musamman in ta bi ta Mokwa da Jebba, shok ɗin babur zai nutse ya taso. A nan ne igiya take ba mutum kunya. Igiyar nailan tana miƙewa, in ruwa ya taɓa ta sai abin ya ƙaru. Shok ya nutse, igiya ta saki, ya taso ya fizge ta, haka dai har ƙulli ya fara zamewa. Na taɓa aika nawa da igiya, ƙulli kamar ba zai kwance ba har abada. Da aka ɗaga tamfol sai na same shi ya jingina da ƙarfen bodi, tanki ya lotsa, fenti ya goge wajen faɗin tafin hannu. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai.

Bel kuwa ba ya miƙewa sosai, kuma haƙoran ƙarfen suna riƙe shi inda ka tsayar. Amma yana da nasa haɗarin, wato ƙarfinsa. Yaron mota zai yi ta ɗamewa har shok ɗin gaba ya ƙure, tafiya ta yi nisa sai ka ga mai yana tsiyaya daga shok. Ka tsaya a kansa da kanka. A danne shok kamar kashi ɗaya cikin uku, in ya yi yawa rabi, a bar masa wurin numfashi. Ka duba ɗan ƙyallen da ke jikin bel ɗin, nan ake rubuta nauyin da zai iya riƙewa, kuma wanda ya fara tsagewa a gefe kada ka karɓa ko kyauta ne.

Ni dai bel nake zaɓa, guda huɗu. Biyu a gaba, a zagayo da su ta ƙarfen da ya haɗa shok biyu a ƙarƙashin fitila, su ja gaba da gefe, ba tsaye cak ba. Kada a rataya a bakin hannun babur, yana lanƙwasa, kuma a kula kada bel ya danne wayar birki. Biyu a baya a jikin firam, ba a kariyar ɗora kaya ba. Tayar gaba ta tokare da bangon tirela, a sa mata katako hagu da dama, a bar shi a giya ɗaya. Duk inda bel ya taɓa fenti a cusa tsumma.

Wasu za su ce a kafe shi a kan jak. A'a, a naɗe jak, tayoyi su ɗauki nauyin. Kwantar da shi ma kada ka yarda: fetur zai zubo ta murfin tanki, baƙin mai ya gangara cikin matatar iska. Ka rage fetur, ka rufe makunninsa, ka cire madubai ka riƙe.

In igiyar ce kawai ta samu, to a nemi mai kauri, kowace kusurwa da tata daban, kada a nannaɗe babur da guda ɗaya, don in ta saki wuri ɗaya ta saki ko'ina.

Ko wanne ka ɗauka, ka roƙi direba ya duba ɗaurin kafin su wuce Zariya, domin a farkon tafiya kaya suke zama. Ka ɗauki hoton babur ɗin ta kowane gefe a gabansa, ka ba shi kwafin takardu saboda shingayen hanya, na asali su zauna a hannunka. Allah ya kai shi lafiya.