Wata shida muna ganin likita ta waya saboda hawan jinin Hajiya

Tun da na yi maganar nan a gidan suna ake ta kirana ana tambaya wai da gaske likitan waya yana aiki ko cin kuɗin mutane ne kawai, toh bari in faɗi abin da na gani da idona.

Hajiyarmu tana Funtuwa ni kuma ina aure a Kaduna, ta haura shekara sittin, hawan jini ya fi shekara goma tare da ita. A da duk bayan wata biyu sai an kai ta asibiti, a fita ana idar da sallar asuba a kama layin kati a zauna a benci har azahar, in an shiga wajen likita ko minti biyar ba a yi an fito, kuma kusan duk zuwa sai a ce jinin ya hau a ƙara magani, ta dawo gida tana fama da jiri in ta miƙe tsaye. Abin nan ya daɗe yana cina a rai wallahi, har wata maƙwabciyata nas ta ce akwai asibitin kuɗi a nan Kaduna da suke bibiyar masu hawan jini da ciwon suga daga gida, in je in ji.

Tsarinsu dai ga shi. Zuwan farko dole a kawo mara lafiya su gan ta ido da ido, suka ɗebi jini suka duba ƙoda da suga, suka yi awon bugun zuciya, sannan suka sa muka sayi na'urar awon jini irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Ni da ta tsintsiyar hannu na so in saya don ta fi sauƙin ɗauka, nas ɗin asibitin ta ce a'a Anti, ta damtse ta fi ba da gaskiya, kuma sai da ta auna kaurin hannun Hajiya da tef kafin ta ce ga girman maɗaurin da za mu nema, don wai in maɗauri ya yi wa hannu kaɗan lamba sama take fitowa alhali jinin bai kai haka ba. Ban taɓa jin wannan ba sai ranar, shekara goma ana auna ta da duk abin da aka samu a tebur. Daga nan sai a koma gida ana awo ana turo lamba ta WhatsApp, nas tana dubawa kullum, likita kuma yana kiran bidiyo sau ɗaya a wata. Kuɗin wata da nake biya bai kai abin da muke kashewa a mota da abinci da hidimar kwana ba in da Kaduna za a riƙa kawo ta.

Inda na fi ba su maki shi ne yadda suka zaunar da autarmu, ita ke gida da Hajiya, suka koya mata awon kamar 'yar makaranta. A zauna a kujera mai jingina minti biyar tukuna, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, a yi fitsari kafin nan, kar a ci goro ko a sha shayi ko kofi rabin awa kafin awo. Goron nan shi ne yaƙin, Hajiya da goro sai Allah. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin shan magani da kuma dare, kwana bakwai a jere a satin farko. Da sati ya cika sai ga abin mamaki, matar da a asibiti kullum ake samun 160 da wani abu, a gida lambar sama tana yawo tsakanin 118 da 130, wata safiyar ma har ƙasa da haka. Likitan ya ce akwai mutane da yawa haka, ganin asibiti da wahalar layi kaɗai ke tayar musu da jini, shi ya sa ma ma'aunin ya bambanta, a asibiti daga 140/90 ake cewa ya hau a gida kuma daga 135/85. Ya rage mata ƙwaya ɗaya daga cikin ukun da take sha ya ce a ci gaba da awo a gani, cikin sati biyu jirin nan ya tafi. Ranar da ta ce min ta yi sallar isha'i a tsaye ba ta dafa bango ba sai da na yi hawaye.

Shi kiran bidiyon da ake ta zuzutawa gaskiya a wajena ba shi ne ƙashin bayan abin ba. Yana da daɗi kam, likitan zai ce Mama ina kwana ya ƙarfin jiki, ita kuma ta ce ɗan nan Allah ya yi maka albarka ta fara ba shi labarin jikoki, yana da haƙuri sosai. Amma aikin gaske nas ɗin nan ce ke yin shi, wadda in kwana biyu ba a turo lamba ba za ta kira ta ce lafiya dai ko. Akwai daren da aka samu 172/100, kafin in gama karanta saƙon har ta kira autar ta ce a bar ta ta huta a sake aunawa, tana tambayar akwai ciwon kai mai tsanani, akwai ciwon ƙirji, ganinta ya dushe, baki ya karkace, hannu ya yi nauyi. Babu ko ɗaya, ashe maganin ne ya ƙare kwana biyu Hajiya ta yi shiru wai kar ta ɗora mana nauyi. Tun farko dama sun gaya mana in lamba ta kai 180/120 kuma da ɗaya daga cikin alamomin nan kar a tsaya kiran kowa, a nufi asibiti mafi kusa, don shanyewar ɓarin jiki ba ta jiran netwok. Da azumi ma su suka gyara mata lokacin shan maganin, suka kuma yi mata faɗan gishiri da magi da kanwa, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi kenan, mu kuwa miya ɗaya ma Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Toh amma akwai abubuwan da ba su min ba. Na farko netwok, sau biyu bidiyo yana tsinkewa sai dai a koma kiran murya, wannan ba laifinsu ba ne amma kuɗina na biya cikakke. Na biyu wanda ya fi ɓata min rai, wata na huɗu sai wani likita daban ya kira ba tare da an sanar da mu ba, ya fara tambaya tun daga farko kamar bai buɗe fayil ɗinta ba, Hajiya kuwa tunda baƙo ne sai ta rufe baki komai ta ce lafiya lau alhali ƙafafunta sun kumbura. Autar ce ta juya kyamara ta nuna masa. Ya ce ta danna yatsa a ƙwauri ya gani, hoton ya dushe ba ya ganin komai, ƙarshe dai sai da aka kai ta asibiti a Funtuwa aka duba zuciya da ƙoda, aka gane maganin hawan jini na amlodipine ɗin da take sha ne, dama an san yana kumbura ƙafa a wasu mutane, aka canza mata. Abin da yake son a taɓa da hannu waya ba ta iya shi, kuma na fi so su faɗi haka ƙarara tun ranar rajista. Na uku, lambobinta da hoton takardar gwajinta duk suna yawo a WhatsApp, da na tambayi waye da waye ke gani amsar ba ta gamsar da ni ba, ga shi tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, bayanin lafiya kuma yana cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kai.

Su can waje abin ya yi nisa, a Amurka tun 2019 inshorar tsofaffi ta Medicare take biyan asibitoci kuɗin bibiyar mara lafiya daga gida, na'urar da kanta ke tura lamba ba sai an rubuta ba, korona ta zo a 2020 ta ƙara tura kowa kan waya, a Ingila ma hukumar lafiyarsu ta raba wa mutane na'urorin awon jini a gida. Mu a nan har yanzu ɗan adam ne ke riƙe da abin, in ba mai aunawa a gida da zai jure safe da dare kuma ya iya karanta lamba toh kar ki ɓata kuɗinki. Ki kuma tabbatar likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, don masu kiran kansu dokta a intanet sun yi yawa.

Ni dai na sabunta na wata shida, da sharaɗin su bar mana likitanmu na farko kuma sun amince. Batir huɗu na'urar ke ci, na sayi kwali guda na aika Funtuwa jiya tare da maganin wata biyu, wannan karon autar ce ke ƙirga ƙwayoyin duk Juma'a.