Tarwibar siminti ko ta ifoksi? Ga abin da na gani da idona

Ƙanena, tunda da hannunka za ka cike tsagin tayil ɗin falo da kicin, ɗauki tarwibar siminti (tarwiba ita ce kwaɓin da ake cike tsagin da shi), ka bar wa masu sana'a ifoksi, wato tarwibar da ake haɗawa da ruwayen sinadari masu ƙanƙara kamar roba mai tauri.

Ta simintin ita ce a gidanmu na Rusaifa a nan Makka tun 2019. Ni da babban ɗana muka yi aikin wata Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe ido, uwargida tana miƙo mana shayi da tsofaffin tawul. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: bokiti biyu, soso babba, da faranti mai fuskar roba da ake danna kwaɓin da shi. Ruwa ake fara zubawa, sannan garin a hankali, har ya yi kaurin markaɗaɗɗiyar gyaɗa. A bar shi ya huta minti 5 zuwa 10, a sake juyawa. Yaron yana dannawa a karkace, ba bin layin tsagin ba, don kada robar ta kwashe abin da aka cusa. Ni kuma ina biye da soson da na matse sosai. A jikin buhu an rubuta a jira minti 15 zuwa 30 kafin gogewa, amma wanda ya rubuta bai san zafin Makka ba. Ka taɓa da yatsa, in bai manne maka ba, fara goga. Da azahar farin hazon da ya rage a kan tayil muka bi da busasshen tawul, muka kulle falon har washegari. Yau jikoki na rarrafe a wurin, layi ɗaya bai fashe ba.

Abin da ya sa nake sonta shi ne tana yafe wa sabon hannu. Ka yi kuskure, ka goge ka sake. Laifinta tana shan ruwa da maiko, shi ya sa ban ba ka shawarar farar tarwiba ba. Ƙurar garin nan da miyar kicin za su mai da ita wata kala cikin wata biyu. Nemi mai launin ruwan toka ko ruwan ƙasa. Kuma a gaya wa mutanen gida kada su kusanto ta da moyat nar, wato ruwan asid na wanke-wanke, ko wani maganin bandaki mai asid, cinye siminti yake yi. In tsagin ya wuce milimita 3, ka ce a ba ka mai yashi a ciki, mai laushin tana tsagewa a wuri mai faɗi. Kwaɓin da ya fara ƙanƙara a bokiti kuwa zubarwa ake yi, ƙara masa ruwa kashe ƙarfinsa ne.

Ifoksi dai, ba zan hana ta haƙƙinta ba, ruwa ba ya shigarta, tabo ba ya kama ta. Na saya sau ɗaya don bandaki da kuɗin da ya ninka na simintin sau da yawa, na haɗa ruwayenta a watan Agusta, kafin in ci rabin ƙasan ta zama dutse a bokiti, ragowar da ta bushe a kan tayil tana nan har yau.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu shagon kayan gini. Akwai wanda zai ɗebo maka farin siminti zalla a leda mara suna ya rantse tarwiba ce. Ba ita ba ce. Ta gaske akwai sinadaran da ke riƙe mata ruwa da ƙara mata danƙo, farin siminti kuwa yana bushewa ya ja jiki ya tsattsage. Ka sayi buhu a rufe mai sunan kamfani, irin su Weber ko Mapei ko Vetonit, ka duba ranar da aka yi shi. Wanda ya haura shekara ka ajiye musu kayansu. Matsa buhun da hannu, in ka ji dunƙule-dunƙule ya sha danshi, abin da ya fi yawa ga kayan da suka daɗe a sito a Jidda. Ka karɓi fatura, wato rasit, ka kuma sayi duk abin da kake buƙata lokaci ɗaya mai lambar kala ɗaya.

In sabon tayil ne, ka ba shi aƙalla awa 24 bayan ɗaurawa, ka ciccire 'yan robobin da ke tsakani, ka share tsagin tas. Ka fara daga bayan firij, inda ba mai ganin hannunka na farko.