Ledger ko Trezor: wanne ya fi aminci wajen saitawa?

Ɗan'uwa, ka ce kana son kwashe kuɗinka na kirifto daga manhajar musaya ka mayar da su walat na na'ura, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin Ledger da Trezor, kuma abin da ya fi damun ka shi ne kada ka yi kuskure ranar da za ka kunna ta karo na farko. Zan ajiye maka su kusa da kusa. Amma tun yanzu ka riƙe wannan: kuɗin ba a cikin na'urar suke ba, suna kan bulokcen, wato kundin intanet da ke riƙe da lissafin duk hada-hadar kirifto. Abin da na'urar ke tsarewa mabuɗi ne, mabuɗin kuma daga jerin kalmomin da za ta nuna maka ranar farko yake fitowa. Duk wanda ya ga kalmomin nan ya mallaki kuɗin, ko bai taɓa ganin na'urarka ba.

Trezor na kamfanin SatoshiLabs ne da ke Jamhuriyar Cek, kuma su ne suka fara fito da irin wannan na'ura a 2014. Ledger kamfanin Faransa ne, shi ma a 2014 aka kafa shi, ya yi suna da na'urarsa Nano S a 2016. Duk tsofaffin hannu ne, babu ɗan koyo a cikinsu.

Babban bambancinsu shi ne wa kake ba amana. Ledger tun farko yana adana mabuɗi a cikin wani cip na musamman, irin wanda ake sakawa a katin banki da fasfo, wanda aka ƙera don ya yi wuyar fasawa ko da ɓarawo ya riƙe shi a hannu. Sai dai wani ɓangare na manhajar da ke cikinsa a rufe yake, ba kowa ke iya dubawa ba, dole ka yarda da maganar kamfanin. Trezor ya bi ta ɗaya hanyar: manhajarsa a buɗe take, duk mai ilimin abin zai iya bin ta layi-layi. Amma tsofaffin samfuransa, Trezor One da Model T, ba su da wancan cip ɗin, kuma a farkon 2020 masu binciken tsaro na Kraken, wani kamfanin musayar kirifto, suka nuna cewa wanda ya samu na'urar a hannunsa, yana da kayan aiki, zai iya zaro kalmomin cikin kamar minti 15. Trezor Safe 3 da ya fito a 2023 ya toshe wannan ƙofar, domin yana da cip ɗin tsaro. Saboda haka in Trezor ka zaɓa, ni dai ba zan ba ka shawarar tsofaffin nan biyu ba.

Ranar buɗe kwali ma kowa da salonsa. Trezor yana zuwa ne babu manhaja a cikinsa, da tambarin hatimi a jikinsa. Kai ne za ka ɗora masa manhaja ta hanyar Trezor Suite, manhajar kamfanin da za ka sauke a kwamfuta. In ka kunna sabo ka tarar da manhaja a ciki, ko hatimin ya nuna alamar an taɓa shi, tsaya nan, kada ka ci gaba. Ledger ba ya dogara da hatimi. Kana haɗa shi da manhajar kamfanin, Ledger Wallet (wadda a da ake kira Ledger Live), manhajar za ta tambayi cip ɗin shaidar cewa na asali ne. Duk biyun, daga kamfanin ko dillalin da kamfanin ya amince da shi za ka saya, ba na hannu ba, komai arharsa. Kuma manhajar kwamfutar, rubuta adireshin shafin kamfanin da hannunka. Kada ka danna tallar da ta fito a saman sakamakon bincike.

Ga tarkon da ya fi cin mutane: ka buɗe kwali ka ga kati an riga an buga kalmomi a kai, wani lokaci har da fenti na kankarewa, an ce waɗannan ne kalmominka. Ƙarya ce. Babu ɗaya a cikin kamfanonin nan da ke aiko da kalmomi ko lambar sirri a shirye. Na'urar ce ke ƙirƙirar su a gabanka, a kan ɗan allonta. A 2020 an sace bayanan abokan cinikin Ledger, imel kusan miliyan ɗaya, da sunaye da adireshin gida na mutum kusan 272,000, bayan haka har na'urorin bogi aka riƙa aika wa mutane gida da wasiƙar cewa su sauya tasu. Trezor ma bai tsira ba: a farkon 2024 an shiga shafin taimakon abokan cinikinsa, bayanan tuntuɓar mutum kusan 66,000 suka fita. Abin lura, a duka biyun ba na'urar aka fasa ba. Mutane aka bi da saƙon yaudara don su rubuta kalmominsu a wani shafi.

Lambar sirri: Ledger daga lamba 4 zuwa 8, kuskure uku na'urar ta goge kanta. Trezor yana karɓar har lamba 50, yana ninka lokacin jira bayan kowane kuskure, Safe 3 kuma ya goge kansa a na 16. Wannan ba abin da zai raba maka gardama ba ne.

Kalmomin su ne wurin da ya kamata ka nutsu. Ledger yana ba da 24, daga sanannen jerin nan na BIP39 mai kalmomi 2048, wanda kusan kowane walat ke ganewa; in na'urar ta lalace, kana iya dawo da kuɗinka a ta wani kamfanin. Sababbin Trezor suna farawa da kalmomi 20 na tsarin SLIP39, wanda ke ba ka damar raba ajiyar kashi-kashi, misali uku a wurare uku, kowane biyu su isa a dawo da komai. Dabara ce mai kyau ga mai tsoron gobara ko sata, amma walat ɗin da ke karɓar wannan tsarin ba su da yawa, Ledger ma ba ya karɓa. Kana iya zaɓar 12 ko 24 a Trezor in ka fi son hakan. Ledger kuma a 2023 ya fito da Ledger Recover, inda ake rufe sirrin a raba shi gida uku a ba kamfanoni uku ajiya. Ba dole ba ne, sai ka yi rajista, amma ya tayar da ƙura, domin ya nuna cewa manhajar na iya fitar da sirrin daga cip. Ni ba na kunna shi, kuma ban ga dalilin da zai sa sabon shiga ya fara da shi ba.

Lokacin rubutawa, rufe ƙofa, ka kife wayarka nesa. Kalma za ta fito a allon na'urar da lambarta. Rubuta lambar, rubuta kalmar da biro, harafi-harafi, ka sake dubawa kafin ka danna ta gaba, domin wasu kalmomin harafi ɗaya ne ya raba su. Ban da hoto, ban da imel, ban da tura wa kanka a WhatsApp. In kuɗin na da yawa, buga kalmomin a farantin ƙarfe, takarda ba ta jure ruwa da wuta. Sannan ka gwada ajiyar: Ledger na da Recovery Check, Trezor Suite ma na da wurin duba ajiya, duk a kan na'urar ake yi. Akwai ƙarin kalmar sirri da duka biyun ke yarda ka ɗora a kai. Tana ƙara tsaro sosai, amma in ka manta ta babu mai dawo maka da ita, don haka bar ta sai hannunka ya faɗa.

To wanne? In da iPhone kake harkarka, Nano X na Ledger mai Bluetooth zai fi maka sauƙi, domin Nano S Plus na Ledger da Safe 3 na Trezor da kebul suke aiki, a kwamfuta ko Android. In kwamfuta gare ka kuma kana son abin da kowa ke iya bincika, ɗauki Safe 3. Nan raina ya fi kwanciya. Kowanne ka ɗauka, fara tura ɗan kuɗi kaɗan, ka gwada adireshin da ke allon na'urar da wanda ka liƙa a manhajar musaya daga farko har ƙarshe, saboda akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ke sauya adireshi lokacin kwafa. In ya iso, ka iya mayar da shi, sai ka tura sauran.