Na farfaɗo da tsohuwar CG125 ɗin Baba: maganar sitata da kan mashin

Jama'a da yawa sun min magana inbox tun ranar da na sa hoton mashin ɗin nan, to bari in faɗi yadda aikin ya kasance, abin da na ji daɗi da wanda ban ji ba.

Mashin ɗin Honda CG125 ce ta Baba Allah ya jiƙansa, irin ta farko farkon nan mai batir 6 volt, tun ina firamare yake kai mu makaranta a kanta daga unguwar Gangare a Jos. Bayan rasuwarsa ta fi shekara goma a zaure an lulluɓe ta da buhu, tanki duk tsatsa, tayoyi sun tsage. Na kai ta wajen wani dattijon bakanike a Farin Gada wanda aka ce min shi ne ya san tsofaffin Honda, kayan gyara kuma yawanci a Dilimi muka haɗo su, wasu sai da aka aiko daga Kano.

Abu na farko da na nema shi ne a sa min sitata, don ni gaskiya na saba da danna maɓalli kawai mashin ya tashi. Sai ya ce min "Alhaji zauna in nuna maka", ya juya injin ya nuna min gefen, babu ma gurbin da za a ɗaura sitatar, haka kamfani ya zubo shi kik kaɗai gare shi. Ya ce in dai dole sai sitata to sai dai a sauke wannan injin a ɗora na China irin CG ɗin nan masu 125 ko 150, suna zama daram a kan bodin kuma suna zuwa da sitata da kik duka. Na kwana biyu ina tunani wallahi. Kuɗin ba wani bambanci sosai, amma da na tuna wannan ƙarar ita nake ji tun daga lungu in san Baba ya dawo, sai na ce Oga a bar injin.

To a nan ne mutumin ya burge ni. Ya buɗe injin gaba ɗaya ya canza fistin da ring, ya wanke kafireta, ya cire tsohon tsarin ba fulogi wuta na foyin ya sa na zamani da ake kira CDI, ya mayar da wayarin 12 volt har fitila ta koma haske kamar ta sabon mashin. Yanzu da rana bugu ɗaya take tashi. Da asuba kuwa a sanyin Jos na Disamba da Janairu, wanda ya san shi ya san shi, sai na ja cok na buga sau uku ko huɗu, in bar ta ta ɗan yi zafi kafin in sa giya. Ranar da ta mutu min a go-slow ɗin Terminus ƴan Keke na ta danna min hon a baya na ji rashin sitata kam, ba zan ɓoye ba, duk mai ciwon gwiwa ko mai shiga cikin gari kullum gara ya sa injin mai sitatan.

Kan mashin ne inda aka samu matsala. Na ga irin gajeren kan nan mai sunkuyawa a YouTube na ce shi nake so, ya ɗaura min bai ce komai ba. A ido ya yi kyau matuƙa. Amma ranar farko da na fita da ita zuwa Toro, kafin in kai Tilden Fulani wuyan hannuna da ƙuguna sun riƙe saboda duk nauyin jikinka a hannu yake sauka, ga ramuka. Abin da ya fi min ciwo, ina juya ta a ƙofar gida na karya kan gaba ɗaya sai ji na yi ƙwas, ya daki tanki ya ɓantare sabon fentin da ko sati bai yi ba, jan fenti ne irin asalin kalarta da muka sha wahala kafin a haɗa. Wannan laifinsa ne, ya kamata ya gwada juyin kan kafin ya ba ni, kuma na faɗa masa, bai yi gardama ba ya gyara fentin bai karɓi ko sisi ba.

Yanzu mun sa mai ɗan tsayi mai faɗi, kaurinsa 22mm daidai da na asali don haka maɗaurin bai canza ba, sai dai kebul na kuloci da na totur da ya riga ya rage wa tsayi sun yi kaɗan, dole aka sake sabbi. Zama ya miƙe, hawan hanyar Lamingo ma ba gajiya.

Ya ce sati uku, aiki ya ci wata biyu da kwanaki, wannan ma ku sani. Takardunki kuma a aljihu kullum saboda dokar hana acaɓa a Jos da Bukuru, ana tare mutum ko nasa ne na kansa. Duk da haka zan koma wajensa, saura kujera da salansa, na ce masa sai bayan sallah.