Hayar kyamara daga Kano ko ɗauka da waya a ƙauye?

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce malaminku ya ba ku aikin gajeren fim na minti 10, labarin wata yarinya ce da take son komawa makaranta, kana so ka ɗauka a ƙauyenku ta wajen Ringim, kuma abin da ka tara bai wuce naira dubu 150 ba. Shin ka yi hayar kyamara daga Kano ta kwana biyu, ko ka ɗauka da wayarka? Na bi hanyoyin nan duka biyun, bari in jera maka su.

Kyamara tana da haƙƙinta, ba zan danne mata ba. Tana fito da fuskar ɗan wasa tar, bayansa ya yi dishi-dishi, kuma tana jure ƙarancin haske. Ɗakin ƙasa mai 'yar taga ɗaya, ita za ta ga abin da ke ciki, waya kuwa sai hoton ya cika da tsaki-tsaki. Sai dai ba ta zuwa ita kaɗai. Da wuya mai kaya ya saki kayansa su bar gari ba tare da yaronsa ba. Ka ga ke nan kuɗin mota daga Zoo Road a Kano zuwa ƙauyenku da dawowa a wuyanka yake, ga abincinsa, ga sallamarsa. Batira kuma sai an yi caji kullum da dare, in babu wuta sai janareta da mai. Kafin ka ce "akshin" rabin kuɗin ya tafi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne kwana biyun nan. A ƙa'ida shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a kallo, wato shafi 10 gare ka, biyar a rana. Ƙwararru za su iya. Kai kuwa 'yan wasanka su ne gwaggonka, da ƙanwar abokinka, da malamin firamare, mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Za a yi dariya, za a manta magana, za a tafi ɗibar ruwa. Ranar mayar da kaya tana matsowa, sai ka fara cewa "ya yi haka nan" a kan fitowar da kai kanka ka san ba ta yi ba.

Waya ba ta da ranar mayarwa, kuma wannan ne babban abin da ta fi kyamarar haya da shi. Kana iya ɗaukar mako guda, kullum daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa gab da magariba, lokacin da haske ke kwanciya a fuska da jar katanga. Tsakar rana a huta, don inuwa tana cike kwarmin ido, ita ma wayar tana ɗaukar zafi har ta tsaya, musamman a Maris da Afrilu. Rauninta duhu ne, to sai ka fito da labarin tsakar gida, gindin bishiya da bakin rijiya. Ka kwantar da ita a kwance a kan ƙafa uku, wato mariƙin da ake kafa kyamara a kai, ka kulle haske da saitin gani don kada su riƙa canzawa, kada ka jawo hoto da yatsa, ka matsa da ƙafarka. A saitin ingancin hoto ka ɗauka a 1080 da firam 25 a daƙiƙa, domin 4K, wanda ya fi shi girma, cinye memori yake yi ya kuma wahalar da kwamfuta wajen tacewa. Farin zani a hannun yara biyu ya isa ya mayar da haske kan fuska. Manhajojin tace bidiyo irin CapCut ko DaVinci Resolve na kyauta za su haɗa maka aikin.

Wajen murya kuwa dukkansu ɗaya ne, babu wadda za ta fisshe ka. A nan na sha wuya. Na taɓa ɗaukar wata dattijuwa tana yi wa jikarta faɗa a tsakar gida, da kyamarar haya, hoto ya yi kyau har hawayenta ya fito. Ashe a bayan katanga injin niƙa yana ta aiki, kunnenmu ya saba da shi ba mu lura ba. Da na zauna tacewa ban ji komai ba sai tat-tat-tat. Na koma na roƙe ta ta maimaita maganar, amma zuciyar da ta yi ta da ita a ranar ba ta dawo ba, sabuwar muryar ma ba ta hau motsin bakinta na hoton ba. Har yau abin yana ci mini rai. Don haka ka sayi makirfo mai maƙalawa a riga guda biyu, ka sa mutum ɗaya aikinsa kawai sauraro da abin kunne. Ka yi magana da mai injin niƙa tun da wuri, ka san lokutan kiran salla, kada ka ɗauka ranar kasuwa. A kowane wuri kuma kowa ya yi shiru minti ɗaya ka naɗi sautin wurin, zai cike maka giɓi wajen tacewa.

Da ni ne, waya zan ɗauka. Kuɗin su tafi kan makirfo, ƙafa uku, fawa banki, memori, da abincin mutane, don wanda ya bar gonarsa ya tsaya maka bai kamata ya wuni da yunwa ba. Ka ware kaɗan na ko-ta-kwana. Kyamara sai in rabin labarin da dare ne, ko makarantarku za ta ara maka kyauta.

Kafin komai ka je gaida mai unguwa da dagaci tare da wani babba na gidanku, ka faɗa musu labarin da bakinka. Yarinyar da za ta fito kuma sai da yardar mahaifinta, gidan da ba a shiga ka nemi izinin maigida, ka sa mace a cikin masu aikin. In kuma daga baya kana son haska shi a bainar jama'a a Kano, ka fara bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001.